Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Hukumar NAFDAC Kan Sinadarin Etil Asitet

Etil asitet ruwa ne garau marar launi, mai ƙamshin 'ya'yan itace. Ana samar da shi ta haɗa itanol da asid ɗin da ke sa ruwan khal tsami. Yana tafasa a digiri 77 na ma'aunin Salshiyas, bai kai ruwa nauyi ba, kuma kaɗan ne daga cikinsa ke narkewa a ruwa.

Amfaninsa shi ne narkar da abin da ruwa ya gaza, sannan ya bushe da sauri. Shi ya sa ake zuba shi a gam, fenti, tina, man goge jan farce, da tawadar da ake buga ledojin kayan abinci da ita. Masu binciken magunguna, irin na cibiyar NIPRD da ke Idu a Abuja, da shi da ire-irensa suke tatso sinadarai daga ganye da saiwa. A ƙasashen waje har sinadarin kafin ake cirewa daga kofi da shi.

Dafinsa bai kai na wasu 'yan'uwansa ba, ko da yake yawan shaƙarsa na kawo jiri da zafin ido. Babban haɗarinsa wuta ce. Tururinsa na iya kamawa tun daga digiri 4 ƙasa da sifili, balle a zafin Maris na Abuja. Ya ninka iska nauyi kusan sau uku, don haka ba ya tashi sama: ƙasa yake bi, ya taru a kwana, har ya tarar da janareto ko tartsatsin walda.

A nan ne ya kamata hukumar, wadda aka ɗora wa sa ido kan sinadarai tun kafuwarta a 1993, ta ƙara himma. Gangar da ta shigo ƙasa tana ɗauke da suna da gargaɗi. Amma kafin kayan su kai hannun kafinta ko mai fenti, sau da yawa an juye su a robar ruwan sha, ba rubutu, ba alama. Yaron shago tina kawai ya sani.

Ya dace a wajabta manna takarda a kowace roba, da Hausa da Turanci da hoton wuta, saboda wanda bai iya karatu ba. A riƙa ɗibar samfuri a kasuwanni irin su Dei-Dei da Wuse, a gwada ko an gauraya da metanol, wanda ke makantarwa. Sannan a haɗa kai da hukumar kashe gobara da shugabannin kasuwa, a koya wa masu shaguna ajiye shi a rufe, a inuwa, inda iska ke ratsawa.