A Kafa Taswirar Ambaliya a Bakin Kasuwa

Maraɗin da muke zaune cikinta yau, ruwa ne ya zaɓa mata wuri. A 1945 gulbi ya cinye tsohon gari da ke cikin fadama, Tibiri ma ba ta tsira ba, Nasara suka haye da jama'a kan tudu. Mutanen wancan zamani suna da uzuri. To mu fa, da ruwan sama na kimanin milimita 150 ya sauka cikin sa'a ɗaya da rabi a ƙarshen Agustan 2024, ya yi ajalin mutum 15 a birnin nan?

Ilimin dai akwai shi. Ana ɗura wa kwamfuta tudu da gangaren ƙasa, irin turɓaya, faɗin magudanai da yawan ruwan sama, sai ta lissafa inda ruwa zai bi, da zurfinsa da saurinsa, unguwa unguwa. Cibiyar AGRHYMET ta Yamai ta daɗe tana hasashen cikar koguna da irin wannan lissafi, an kuma yi wa ƙauyukan kogin Sirba tsarin gargaɗi. Sai dai kwamfuta ba boka ba ce, abin da aka ba ta shi take mayarwa. In ba a auna ruwan sama ba, in ba a san abin da aka saki daga madatsar Jibiya ba, alhali yarjejeniyar Maiduguri ta 1990 ta haɗa Nijar da Najeriya a kan wannan gulbi, manomin Jiratawa zai sami taswira mai kyawun launi, gonarsa tana ƙarƙashin ruwa.

Wuyar aikin ba a nan take ba. Taswirar ambaliya tana da maƙiya, domin filin da aka shafa wa jan launi ya zubar da daraja ke nan, kuma masu filaye a hanyar ruwa ba talakawa kaɗai ba ne. Shi ya sa irin wannan bincike kan ƙare a aljihun tebur.

Alhajin da zai gina sito ya zuba buhunan shinkafa yana da haƙƙin sanin ko gininsa zai sha ruwa har gwiwa. Ma'aikacin da ke sa hannu a takardar fili shi ma taswirar garkuwarsa ce ranar da manya suka matsa masa. A yi wa Maraɗi, Tibiri da Jiratawa tasu, a kafa ta a ofishin magajin gari da bakin Babbar Kasuwa, a yi bayaninta da Hausa a rediyo kafin damina ta faɗi.