RA'AYI: Kafin a mayar da Gandoki wasan tebur, a ji ta bakin mutanen Tungan Magajiya

A shekarar 2021 kamfanin NIBCARD Games da ke Abuja ya ci kyautar Diana Jones, ɗaya daga cikin kyaututtukan da masu ƙirƙirar wasannin kan tebur suke girmamawa a duniya. A 2023 kuma Gwamnatin Tarayya ta ware ma'aikata ta musamman domin fasaha, al'adu da tattalin arzikin ƙirƙira. Ke nan ko ba jima ko ba daɗe, takarda za ta iso teburin wani darakta ko mataimaki na musamman, matasa na neman tallafi domin su gina wasa a kan tarihi da almarar ƙasar Hausa. Kafin a tambaye su nawa suke so, ya kamata a tambaye su daga wace rijiya za su ɗebo labarin.

Irin wasan da ake magana a kai shi ne wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974 da sunan Dungeons & Dragons. Mutum huɗu ko biyar su kewaye tebur, kowa ya ɗauki matsayin jarumi guda, ɗaya kuma ya zama mai ba da labari, ya shimfiɗa musu ƙasa da sarakunanta da dodanninta. Duk abin da jarumi ya yi niyya, sai a jefa ƙwaya irin ta ludo a ga ko ya yi nasara. A 1979 Gygax ya lissafa littattafan da ya sha daga gare su, irin su na Tolkien da Robert E. Howard da Jack Vance. Wannan jerin suna shi ya tsara wa wasan abokansa da abokan gabansa har tsawon shekaru arba'in.

Mai neman irin wannan rijiya a Arewa ba zai wuce ƙasar Kontagora ba. A gasar rubutun da Rupert East ya shirya a 1933, 'yan'uwa biyu 'yan asalin Kagara sun fito da littattafan da har gobe ake karantawa: Abubakar Imam da Ruwan Bagaja, yayansa Malam Bello Kagara da Ganɗoki. Alhaji Imam na Ruwan Bagaja daga Kontagora ya tashi neman ruwan magani, yana gari ya gari, Malam Zurƙe na dama masa lissafi, har ya kai ƙasar aljanu. Mai ba da labari a tebur ba ya buƙatar tsari fiye da wannan. Imam kuwa bai ji kunyar aro ba. Ya ɗauko daga Maƙamatul Hariri, a Magana Jari Ce ma ya ɗebo daga Dare Dubu da Ɗaya da Kalila wa Dimna da tatsuniyoyin Jamus, ya sa musu riga da rawani. Saboda haka aro kansa ba laifi ba ne; abin dubawa shi ne me aka aro, kuma wa zai ɗauki nauyinsa.

A nan ne Ganɗoki yake buƙatar tsanaki. Jarumin barde ne na Sarkin Sudan Ibrahim Nagwamatse, ya yaƙi Turawa lokacin da suka ci Kontagora a 1901, daga baya shi da ɗansa Garba Gagare suka faɗa duniyar aljanu. Kowane matashi zai so ya zama Ganɗoki. Amma masarautar da Umaru Nagwamatse ya kafa a tsakiyar ƙarni na 19 ta yi ƙarfi ne da hare-haren kamun bayi a kan Gwarawa da Kambari da Dukawa da maƙwabtansu. Jikokin waɗanda aka kai wa harin suna nan da ransu. Duk wanda ya tsaya a Tungan Magajiya, garin da asibitin mishan da makarantar koyon aikin lafiya suka fito da sunansa, zai tarar da su a kasuwa ɗaya da Hausawa da Fulani, Musulmi da Kirista da masu bin addinin gargajiya.

Tsarin wasan Amurka kuwa yana buƙatar wata al'umma da za a kashe ba tare da an tambayi dalili ba, a kwashe dukiyarta, jarumi ya ƙara daraja. A can an ƙago halittu munana aka ɗora musu wannan matsayi, duk da haka a 2020 kamfanin Wizards of the Coast, mai wasan a yanzu, ya sanar da cewa zai sauya yadda yake siffanta su, domin siffofin sun yi kama da irin ƙazafin da ake yi wa wasu jinsunan mutane. Idan aka ɗauko wannan tsari aka kifa shi a kan taswirar Kontagora ta 1890, ba sai an faɗi wanda zai faɗa gurbin dodo ba. Yaron Badukke ko Bakambare zai zauna a tebur a ce masa kakansa ne ganima. Wannan kuma a yankin da 'yan bindiga suke kwashe mutane daga ƙauyuka a yau, ana sayar da hatsi da shanu domin biyan kuɗin fansa.

Wani zai ce ai wasa ne, kuma tarihi ba a goge shi. Gaskiya ne ba a goge shi, kuma babu mai cewa a ɗauke Ganɗoki daga makarantu. Sai dai mai karatu ɗan kallo ne, yana iya yarda ko ya ƙi. Mai wasa kuwa da bakinsa yake cewa a kai hari, kuma a ba shi lada. Abin da aka maimaita kowane mako ana dariya, shi yake zama a zuciya.

Mafita tana cikin zaɓen kayan aiki. Na farko, dodo ya fito daga tatsuniya. Muna da Dodo mai tsare kogi, da Gizo da Ƙoƙi, da Botorami, da kura mai kwaɗayi. Frank Edgar ya tattara ɗaruruwan irin waɗannan labarai cikin juzu'i uku tsakanin 1911 da 1913, kuma babu wata ƙabila da za ta ji an zage ta in an sare kan Dodo. Na biyu, a ɗauki Ganɗoki tare da labarin ɗaya ɓangaren. Rahotannin Turawan mulki suna ajiye a Ma'adanar Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna, amma su ma baƙi ne suka rubuta su da manufarsu. Dole a je Rijau da Tungan Magajiya a zauna da dattawa a ji yadda aka fake a duwatsu da kurmi, wa ya tsere, wa ya fanso ɗan'uwansa. Mafarauci Badukke da ya kuɓutar da ƙauyensu jarumi ne da ya cancanci a taka matsayinsa kamar barde mai sulke, wasan ma sai ya fi armashi idan ɓangarorin biyu suna da hujja. Na uku, abin da mutane suke bauta da shi a yau, ko ayar Alƙur'ani ce ko tsafin wani ƙauye, kada a mayar da shi makamin da ake jefa wa ƙwaya.

Akwai kuma doka, wadda ma'aikaci ya fi kowa sanin nauyinta. Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022 tana kare littafi shekara 70 bayan rasuwar marubucinsa. Abubakar Imam ya rasu a 1981, don haka Ruwan Bagaja yana da masu shi, sai da izini. Dokar ta kuma ba adabin gargajiya kariya, ta ɗora wa Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Ƙasa alhakin kula da yadda ake kasuwanci da shi.

Saboda haka jami'in da irin wannan takarda ta zo hannunsa ya nemi a haɗo masa jerin littattafai da garuruwan da aka ɗebo labari daga gare su, da shaidar izini, da bayanin su wane ne abokan gaba a cikin wasan. Idan taswirar ta ƙunshi ƙasar Rijau amma babu ko mutum ɗaya daga can da aka tuntuɓa, a mayar da takardar a ce su je su dawo. Kuɗin gwamnati na mutanen Tungan Magajiya ne kamar yadda yake na mutanen birnin Kontagora, kuma waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi.