Borin jinin da ya ƙi tafiya: kafin ki sake haramta wa kanki wani abinci



Kwanakin baya na haɗu da wata baiwar Allah daga wani ƙauye da ke gefen dajin Falgore, a Ƙaramar Hukumar Doguwa. Wata takwas ke nan borin jini yana taso mata kusan kullum da yamma. Ta daina cin kifi, ta daina ƙwai, ta bar gyaɗa da ƙuli-ƙuli, daga baya har nono da daddawa. Tana shayarwa, ga shi ta rame, ciwon kuma yana nan daram. Abin da ya fi ci mata rai shi ne an ware mata kwanon sha a gidan, wai kada ta shafa wa yara.

Bari mu fara da wannan: borin jini ba ya yaɗuwa. Ba a ɗaukarsa ta kwano, ko shimfiɗa, ko nono. Wasu ƙwayoyi ne a cikin fata suke sakin sinadarin da likitoci ke kira histamin, sai ruwa ya tsattsafo daga ƙananan jijiyoyin jini, fatar ta tashi rudu-rudu da ƙaiƙayi mai tsanani. Kusan mutum ɗaya cikin 5 zai gamu da shi ko sau ɗaya a rayuwarsa, kuma galibi yakan wuce cikin 'yan kwanaki. Wanda muke magana a kai yau shi ne wanda ya haura mako 6 yana zuwa yana komawa. Wannan ya fi kama mata, kusan ninki biyu na maza.

A irin wannan mai daɗewa, da wuya abinci ya zama sanadi. Na san maganar za ta yi wa wasu nauyi, domin kowa a gida yana da nasa hasashen. Idan abinci ne, alamar takan fito cikin mintuna zuwa awa biyu bayan an ci, kuma duk lokacin da aka ci sai ta fito. Amma ciwon da yake tashi ko kin ci kifi ko ba ki ci ba, har ya tashe ki da tsakar dare, daga cikin jiki yake. Sau da yawa garkuwar jiki ce take tsokanar waɗancan ƙwayoyin fata da kanta, shi ya sa wasu masu shi ake samunsu da matsalar maƙoƙo. Mai shayarwa ta bar ƙwai da gyaɗa da nono a ƙauyen da nama sai ranar kasuwa, ai ta cuci kanta da jaririnta a banza.

Akwai dai abubuwan da ke tayar da shi. Wata sanyin hunturu ne, musamman wankan asuba da ruwan randa. Wata zufa ce, da ta tsaya gaban murhu sai ƙananan ƙuraje kamar gero su feso. Wata kuma inda ta ɗaure zani ko inda majanyin goyo ya matse ne yake kumbura bayan 'yan awanni. Sai magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen, diclofenac da aspirin, waɗanda ake sha kamar gyaɗa lokacin aikin gona, suna ƙara hura wutar ciwon ga mutane da yawa. Idan ciwon kai ne ko na jiki, paracetamol ya fi miki sauƙi.

To yaya za ki tabbatar borin jini ne? Wayar da ke hannunki za ta yi aiki a nan. Ciwon yana da halin ɓuya: ki biya kuɗin mota daga Kiru ko Bebeji, ki yi layi, kafin a kira ki fata ta koma sumul, likita yana kallonki kina kallonsa. Don haka idan ya taso ki ɗauki hotonsa a hasken rana, domin a baƙar fata jan ba ya fitowa sosai, tudun ne ake gani. Sannan ki zagaye ɗaya da biro, ki duba gobe war haka. Borin jini na gaskiya kowane tudu yana ɓacewa kafin awa 24 ba tare da tabo ba, ko da wani ya fito a wani wurin. Idan ya kwana biyu a wuri ɗaya, yana zafi fiye da ƙaiƙayi, ya bar baƙin tabo, ko yana tare da zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi, wannan wani abu ne daban, kada ki ɓoye wa likita.

Mu mutanen kudancin Kano akwai abin da ya kamata mu ƙara faɗa masa. Ƙaiƙayin da ya fi tsanani da dare, a tsakanin yatsu, kuma ya kama mutum biyu ko uku a gida, ƙazuwa ce, ita kam tana yaɗuwa. Wanda ke zaune kusa da rafukan da ke gudu a yankin Falgore, inda baƙin ƙuda ke cizo, ƙaiƙayinsa zai iya zama na cutar makantar kogi, wadda ake raba Mectizan saboda ita. Masu shiga ruwan Tiga da magudanan noman rani kuma sai a duba tsargiya da tsutsar ciki. Gwajin jini na gama-gari, da na bayan gida ko fitsari idan da dalili, yawanci sun wadatar. Ba sai kin sayar da akuya don dogon jerin gwaje-gwaje ba.

Maganin farko ba mai tsada ba ne: cetirizine ko loratadine, ƙwaya ɗaya mai miligiram 10 a rana. Kuskuren da ake yi shi ne a sha sai ya taso, ya lafa a ajiye. Kullum ake sha, ko fata lafiya lau take, kamar yadda mai hawan jini yake shan nasa. Idan an yi mako 2 zuwa 4 babu sauƙi, likita na iya ƙara yawansa har ninki huɗu, amma shi zai ƙara, ba ke ba. Piriton da muka saba da shi yana sa barci da kasala, ba na shan watanni ba ne ga mai girki a kan wuta da raino. Mai ciki ko mai shayarwa ta faɗa tun farko. Waɗancan biyun su aka fi zaɓa mata, a gwargwadon da likita ya tsara.

Inda na fi jin tsoro shi ne dexamethasone da prednisolone. Ki je kemis ki ce borin jini, a ƙulla miki su a leda, ko a yi miki allura. Wallahi suna aiki, gobe ki tashi kamar ba ki taɓa yi ba, kuma nan ne tarkon yake. Da kin daina ya dawo da ƙarfinsa, sai ki koma. Wata uku, wata shida, fuska ta kumbura, 'yan'uwa suna cewa kin yi kyau kin murmure. Ai dexamethasone na cikin abin da ake kira sha-ka-fashe. Bayan wannan ƙibar akwai ciwon suga, hawan jini, raunin ƙashi, yanar ido da saurin kamuwa da cuta. Likita kan ba da su na 'yan kwanaki kaɗan idan abin ya yi tsanani, shi ke nan. Idan kuma kin riga kin daɗe a kansu, kada ki yanke rana ɗaya, yin haka yana da haɗari. A asibiti za a riƙa rage miki sannu a hankali.

Wanda ƙwayoyin suka kasa, sai a tura shi wajen likitan fata, kamar a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Akwai allurar omalizumab da ake yi duk mako 4, wadda Amurka da Turai suka amince da ita don wannan ciwo a 2014, sai dai tsadarta ta fi ƙarfin yawancinmu. Akwai kuma ciclosporin, da ke buƙatar a riƙa duba ƙoda da hawan jini. Ga mafi yawan mutane ciwon yakan tafi da kansa, wasu cikin shekara, wasu sai sun kai biyar.

Kumburin leɓe ko fatar ido yakan biyo borin jini, yana ɗaukar kwana biyu zuwa uku. Amma idan harshe ya kumbura, murya ta shaƙe, numfashi ko haɗiya ya gagara, ko jiri ya ɗebe ki, ba lokacin shafa manja ko toka ba ne, ba kuma lokacin kama hanyar Kano ba. A nufi babban asibiti mafi kusa, na Tudun Wada ko na Doguwa, inda za a yi allurar adrenalin. Mai shan maganin hawan jini irin lisinopril da leɓenta ya kumbura babu ƙuraje, ta tafi da kwalin maganin a hannu, domin shi kansa yana haddasa hakan.

Ita waccan baiwar Allah, na ce ta fara da mayar da ƙwai da ƙuli-ƙuli cikin abincinta, ta ɗauki hotuna na mako guda, sannan ta je asibiti tare da duk ledojin magungunan da ta sha. Allah Ya ba ta lafiya, da ku baki ɗaya. Sai mako mai zuwa.