Warhammer 40,000: Gatsen da ake neman mayarwa kirari

A kowace rana ana salwantar da rayukan mutum 1,000 domin a riƙe ran wani sarki da ya shekara 10,000 a kan karaga bai tashi ba. Jikinsa ya bushe kamar gawa, na'urori ne kawai ke riƙe da shi. Masu kula da karagar ba su san yadda aka ƙera ta ba, ballantana su gyara ta in ta tsaya. Duk wanda ya yi tambaya a kan wannan tsari kuwa, sai a kira shi ɗan bidi'a a ƙone shi.

Wannan shi ne ginshiƙin ƙagaggen labarin Warhammer 40,000, wasan yaƙi na kan tebur da kamfanin Games Workshop na Ingila ya fitar a 1987. Sarkin shi ne shugaban Daular Ɗan'adam, wadda labarin ya ce tana mulkin duniyoyi kusan miliyan ɗaya a sararin samaniya.

Waɗanda suka ƙirƙiri wannan daula gatse suka yi da ita. Kamar uwar da ta ce wa ɗanta "ci gaba da wasa da wutar, ka kyauta," haka suka zana mulkin kama-karya mafi muni suka lulluɓe shi da zinare da tutoci, suna sa ran mai karatu zai gane. Damuwar yanzu ita ce, yayin da labarin ke ƙara shahara, ana samun masu ɗaukar gatsen a matsayin umarni, kuma kamfanin da kansa yana da hannu a wannan ruɗani.

Daga tebur zuwa kasuwar hannayen jari

An kafa Games Workshop a Landan a 1975, hedikwatarsa a yanzu tana birnin Nottingham. Rick Priestley ne ya rubuta littafin dokokin wasan na farko mai suna Rogue Trader. 'Yan wasa na sayen ƙananan sojojin roba, su harhaɗa su, su yi musu fenti da hannu, sannan su jera su a kan tebur su fafata, suna auna tazara da tef ɗin awo, suna jefa ƙwayoyi masu ɗigo-ɗigo irin na ludo domin sanin wanda harbinsa ya samu.

Labarin da ke bayan sojojin ya fi teburin girma tuntuni. Sashen ɗab'i na kamfanin, Black Library, ya wallafa ɗaruruwan littattafai. An fitar da bugu na 10 na dokokin wasan a 2023. A watan Satumban 2024 wasan kwamfuta na Space Marine 2 ya fito ya samu karɓuwa sosai, a watan Disambar shekarar kuma kamfanin ya shiga jerin manyan kamfanoni 100 na kasuwar hannayen jari ta Landan. A wannan watan ne aka kammala yarjejeniya da Amazon kan shirya finafinai, tare da jarumin nan Henry Cavill.

Ke nan miliyoyin mutanen da ba su taɓa buɗe ko littafi ɗaya na labarin ba za su fara cin karo da shi ta hoton ƙaton soja sanye da sulke yana sarar dodanni. Abin da hoton ba ya nunawa shi ne yadda daular da sojan ke yi wa yaƙi ta jefa kanta cikin halin da take ciki.

Yadda Sarki ya haƙa ramin da ya faɗa

A labarin, jiragen sama-jannati ba sa iya yin doguwar tafiya sai sun ratsa wani teku na ɓoye mai suna Warp, wanda motsin zukatan halittu ke kaɗawa. A cikinsa akwai manyan dodanni huɗu da ake kira rundunar Chaos: Khorne mai rayuwa da fushi da zubar da jini, Nurgle na cuta da yanke ƙauna, Tzeentch na makirci da buri, da Slaanesh na wuce gona da iri wajen jin daɗi.

Sarki ya san da su, amma ya ɓoye. Ya ƙera 'ya'ya 20 a ɗakin gwaje-gwaje domin su jagoranci rundunoninsa, ya aike su su ci duniyoyi da yaƙi, ya hana addini kowane iri, ya ce musu babu wani abu na gaibu. Ya tura su cikin daji bai gaya musu akwai kura ba.

Ɗaya daga cikinsu, Lorgar, ya riƙa bauta wa mahaifin nasa. Hukuncin da Sarki ya yanke shi ne a rushe birnin Monarchia da Lorgar ya fi so, sannan a durƙusar da shi da dakarunsa cikin tokar birnin. Lorgar ya tashi da wannan wulaƙanci ya je neman wani abin bauta, ya samu Chaos na jiransa. Wani ɗan, Magnus, ya hango cin amanar da ke tafe, ya yi amfani da tsafin da aka hana shi domin ya gargaɗi mahaifinsa, sai ya lalata wani aikin sirri da ba a taɓa gaya masa ana yi ba. Sakamakon haka aka ƙone duniyarsa ta Prospero, shi ma ya koma ɓangaren abokan gaba.

Daga ƙarshe Horus, ɗan lelen Sarki kuma babban kwamandansa, ya yi tawaye da rabin rundunonin, tara daga cikin 18. Sarki ya kashe Horus, Horus kuma ya yi masa raunin da ya ɗora shi kan Karagar Zinare har abada. Wannan yaƙin basasa shi ne jigon jerin littattafan Horus Heresy da aka fara a 2006 da littafin Dan Abnett, Horus Rising.

Gatsen ya fi fitowa fili a abin da ya biyo baya. Sarkin da ya rushe birni saboda an bauta masa, shi aka mayar abin bauta na dole, kuma littafin da Lorgar ɗan tawaye ya rubuta shi ne tushen aƙidar. Mutumin da ya ce ilimi ne mafita ya bar daular da injiniyoyinta na duniyar Mars ke yi wa injina turare da addu'o'i kafin su danna maɓalli, suna ɗaukar ƙirƙirar sabon abu a matsayin saɓo.

Hujjar "babu yadda za a yi"

Masu kare daular suna da hujja ɗaya, kuma ba ta raini ba ce. Sun ce abokan gaban gaske ne. Tyranids na cinye duk wani abu mai rai a duniyar da suka sauka, kamar farin ɗango. Orks ba su san komai ba sai faɗa. Mutum guda mai baiwar ƙarfin tunani da ba a sa masa ido ba zai iya zama ƙofar da aljanun Warp za su shigo su hallaka biliyoyi. A irin wannan hali, in ji su, tausayi ganganci ne, kuma zaluncin daular shi ne farashin wanzuwar ɗan'adam.

Labarin da kansa ya rushe wannan hujja. A Horus Rising an nuna wata al'ummar mutane mai suna Interex, masu ci gaba, da ke zaune lafiya da wasu baƙin halittu. Su ba su ɓoye wa mutanensu batun Chaos ba, koya musu suke yi yadda za su gane shi su guje masa. Daular ta yaƙe su bayan wani munafuki daga cikin dakarunta ya sace musu makami. A littafin Fulgrim na Graham McNeill, an hallaka Diasporex, ayarin jiragen mutane da baƙin halittu waɗanda abin da suka roƙa kawai shi ne a ƙyale su. Akwai wasu hanyoyin rayuwa, daular ce ta bi su ɗaya bayan ɗaya ta murƙushe, sannan ta juyo ta ce babu hanya sai tata.

Zaluncin kuma ba ya ma biyan buƙatar da ake cewa domin ta ake yi. Tunda Warp na cika ne da abin da ke cikin zukata, duk fushi da yanke ƙaunar da daular ke haifarwa abinci ne ga abokan gabanta. A manyan biranen da ake cunkusa biliyoyin leburori, inda ake sarrafa gawarwaki su zama abinci, ƙungiyoyin asiri ba sa shan wahalar samun mabiya. Leburan da bai taɓa ganin hasken rana ba, kuma ya san ɗansa ma haka zai ƙare, zai saurari duk wanda ya yi masa alkawarin sauyi, ko dodo ne.

Sai kuma ɓarnar ofis. Ma'aikatar mulkin daular, Administratum, ta yi girman da kuskuren magatakarda ɗaya kan sa a manta da duniya guda, ko agajin soja ya isa bayan waɗanda suka nema sun daɗe da zama ƙasa. Kwamishinonin soja na harbe sojan da ya ja da baya. Hukumar bincike ta Inquisition na da ikon ba da umarnin a ƙone duniya sukutum da mutanenta. Mai laifi kuwa akan goge masa ƙwaƙwalwa a dasa masa ƙarafa ya zama injin ɗaukar kaya. Daular da ke haka ba ƙarfi ke riƙe da ita ba, yawan mutanen da za ta iya zubarwa ne.

Ko Roboute Guilliman, ɗan Sarki mai biyayya da aka farfaɗo da shi a labarin a 2017 bayan dubban shekaru a sume, da ya ga abin da daular ta zama, baƙin ciki ne ya kama shi.

Inda kamfanin ke da laifi

A watan Nuwamban 2021, bayan wani ɗan wasa ya halarci gasa a Sifaniya sanye da tufafi masu alamomin 'yan Nazi, Games Workshop ya fitar da sanarwa. Ya ce daular zambo ce ga mulkin zalunci, babu mutanen kirki a cikin ɓangarorin labarin, kuma ba ya buƙatar kuɗin masu aƙidar ƙiyayya. Sanarwar ta yi daidai. Sai dai kamfanin da har sai ya fito ya bayyana cewa wasa yake yi, ya kamata ya tambayi kansa yadda aka yi wasan ya daina fitowa fili.

Amsar tana kan kantar shagunansa. Dakarun Space Marine su ne hajarsa mafi shahara, su ne a bangon akwati da fastoci, tsaye cikin haske kamar masu ceto. A labarin kuwa, yara ne ake ɗauka tun suna ƙanana, a yi musu tiyata iri-iri da wankin ƙwaƙwalwa, da yawansu su mutu kafin a gama. Bugun 1987 ya fito ne a Birtaniyar zamanin Margaret Thatcher, cike da barkwanci mai ɗaci irin na mujallar zane ta 2000 AD. Da kasuwa ta buɗe, barkwancin ya ja baya, kirarin ya matso gaba, domin jarumi ya fi saurin shiga kasuwa a kan abin tausayi.

Fim ɗin talabijin zai ƙara wannan matsin. Masu zuba kuɗi na son gwarzon da 'yan kallo za su tafa wa. Hanya mafi sauƙi ita ce a nuna dodanni suna tahowa, a nuna sulke yana walƙiya, a bar injin ɗaukar kayan nan da a da mutum ne a can bayan fage.

Jarumtar mutum, ruɓewar tsari

Wannan ba ya nufin a hana kowa son sojojinsa na roba, ko a ce duk mai yi wa Space Marine fenti yana goyon bayan kama-karya. Mafi yawan 'yan wasa sun san abin da suke riƙe da shi. Kuma marubutan Black Library sun riga sun nuna yadda ake haɗa jarumta da gaskiya. A jerin Gaunt's Ghosts na Abnett, sojoji ne na gama-gari da aka hallaka duniyarsu, suna yaƙi saboda junansu, yayin da wasu manyan hafsoshi ke wasa da rayukansu domin neman girma. A littattafan Sandy Mitchell, kwamishina Ciaphas Cain na ɗaukar kansa matsoraci mai neman tsira, amma farfagandar daular ta mayar da shi gwarzo. A duka biyun mai karatu na ƙaunar mutumin, yana ƙyamar tsarin.

Wannan shi ne ma'aunin da ya kamata a ɗora duk wani sabon fim ko wasa a kai. In mai kallo ya tashi yana jinjina wa sojan da ya tsaya ya kare abokinsa, labarin ya yi aikinsa. In ya tashi yana fatan a samu irin wannan daula, an cuce shi, an kuma cuci labarin.

Darajar Warhammer 40,000 tana cikin tambayar da yake tilasta wa mai karatu: idan hukuma ta ce abokan gaba sun kewaye gari, don haka a daina tambaya, wa zai binciki ko ita ce ke ƙara yawansu? A labarin, shekara 10,000 ke nan ba a bar kowa ya yi wannan tambaya ba, kuma gobe da safe za a sake kai mutum 1,000 gaban karaga.