Asirin wa kotun Massachusetts ta rufa?

Daga 1967 har zuwa 1991, an hana jama'ar Amurka kallon Titicut Follies, fim na farko da Frederick Wiseman ya ba da umarni. Wiseman malamin shari'a ne a Boston kafin ya rungumi harkar fim. Ya shiga asibitin Bridgewater na jihar Massachusetts, inda ake tsare masu taɓin hankali da aka kama da laifi, ya ɗauko abin da ya tarar ba tare da ya tsoma baki ba. Babu mai sharhi, babu hira da kowa. Sai mutane tsirara a ɗakunan da babu komai, masu gadi na tsokanar su, da wani likita yana ɗura wa majinyaci abinci ta bututun hanci, sigari na ci a bakin likitan.

Hukumomin jihar sun ce fim ɗin ya keta mutuncin majinyatan, kuma wannan hujja ba abin yasarwa ba ce. Wanda hankalinsa ya gushe ba ya iya ba da izini na gaskiya a nuna tsiraicinsa, iyalansa ma suna da haƙƙi. Amma a ganina an yi amfani da gaskiya ne don a kare ɓarna. Wane ne ya tuɓe su tun farko? Ai ba kyamara ba ce. Hukumar da ta bar su haka ita ce ta garzaya kotu tana kukan mutuncinsu. Da kotun ƙoli ta jihar ta yi sassauci a 1969, sai ta ce likitoci da lauyoyi da alƙalai da ɗalibansu za su iya kallo, aka bar talakan da harajinsa ke riƙe da asibitin a duhu.

Wasu kuma na cewa shirun Wiseman yaudara ce, tunda shi ke zaɓen abin da zai shiga fim daga tarin awoyin da ya ɗauka. Gaskiya ne, shi ma bai taɓa musantawa ba. Sai dai ya kan bar zance ya yi tsawo har mai kallo ya samu damar saɓa masa. Haka ya yi da makarantar sakandare a High School (1968), da ofishin tallafi a Welfare (1975), inda ma'aikatan ma suka fito a gajiye, abin tausayi, dokokin da suke aiwatarwa sun ɗaure su kamar yadda suka ɗaure masu neman taimakon.