Wa Za Mu Soke Daga Takardar Gayyata?

Bayan godiya ga Allah da salati ga Manzonsa (SAW), muna gode wa malamanmu da suka ba mu fili a littafin bana. Abin da za mu yi magana a kai ba a aji muka fara cin karo da shi ba, a tsakar gidanmu ne, nan Kpébié.

Watannin baya aka sa ranar auren yayarmu. Da yake mu ne masu ɗan kyan rubutu a gidan, sai aka miƙo mana littafi da biro, aka ce mu rubuta sunayen waɗanda za a kai wa goro da katin gayyata. Inna na faɗi, Goggo na ƙarawa, Baba na gefe yana jan casbi. Kafin a kira isha'i mun wuce suna 300. Baba ya karɓi littafin ya duba, ya ce: "Ku raba shi biyu. Abin da ke hannuna ba zai ciyar da wannan jama'a ba."

Wallahi ba mu ga laifinsa ba. Kowa a Parakou ya san yadda abubuwa suka koma tun 2023. A watan Mayun shekarar Najeriya ta cire tallafin mai, fetur ɗin kwalba da ake kira kpayo ya yi tsada, kuɗin zemijan ya bi shi. A watan Yuli aka yi juyin mulki a Nijar, aka rufe iyaka tsakanin Malanville da Gaya, ciniki ya ja baya ga masu harka da arewa irin su Baba. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan jika 52 ne a wata. To, a je kasuwar Arzeke da shi a sayo buhun shinkafa da jarkar mai da tumatir, a ga abin da zai rage na rago. Ragewa dai dole ce.

Inda muka tsaya tunani shi ne wurin sokewa. Sunan farko da aka ce mu ja wa layi na tsohuwar da ke sayar da koko a bakin layinmu ne, wadda ta goyi Yaya tana jaririya. Sai mai kawo mana ruwa. Sai maƙwabtanmu Bariba na bayan gida. Sai dangin Inna na Djougou, don in an gayyace su sai an taimaka da kuɗin mota, tafiyar ta fi kilomita 130. Amma alhazan kasuwa da matansu, ko ɗaya ba a taɓa ba, har da wanda rabonsa da gidanmu tun sunan ƙanenmu. Muka ce: "Goggo, shi wannan fa?" Ta ce: "Bar shi nan, ba ya zuwa hannu rabbana."

Kun ga ke nan ma'aunin ya zama abin da mutum zai kawo. A nan ne karatunmu ya hana mu sukuni, domin a makarantar nan muka karanta hadisin Abu Huraira (RA) da ke cikin Bukhari da Muslim, wanda ya nuna cewa mafi sharrin abinci shi ne na walimar da ake kiran mawadata a bar talakawa. Mun haddace shi, mun ci maki da shi a jarrabawa, sai ga biro a hannunmu muna aikata abin da ya zarga.

Addini bai ɗora wa kowa ciyar da gari ba. Abdurrahman ɗan Auf (RA) ɗan kasuwa ne, amma da ya yi aure a Madina an umarce shi da walima ko da da akuya ɗaya. Walimar Nana Safiyya (RA) a hanyar dawowa daga Khaibar, dabino ne da cuku da man shanu aka shimfiɗa, babu nama. A Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda muke bita da Malam, an kawo cewa Imam Malik ya yi rangwame ga mutum ya ƙi zuwa walima in cunkoso ya yi yawa. Ashe yawan jama'a ba shi ne albarkar aure ba. Ƙaramar walima ba abin kunya ba ce. Wadda aka tace talaka aka zubar, ita ce abin tsoro.

Sai dai kada mu zalunci iyayenmu mata, suna da hujjarsu. Inna ta fi shekara 20 tana zuwa bikin mutane, tana kai atamfa, tana kai kwano, tana kai kuɗi. Akwai littafin da take ajiye lissafin, a ƙasan akwati. Gudummawar biki tamkar adashi ce, yau ka zuba, gobe ka kwasa. In ba ta gayyaci waɗanda ta zuba wa ba, ta yi asarar zubinta, su kuma su ce ta raina su. Mu da ba mu taɓa sayen ko cokali na kayan ɗaki ba, da sauƙi mu yi wa'azi. Mun yarda da wannan. Abin da ba mu yarda da shi ba shi ne a ce tsohuwa mai koko ce ta cinye kuɗin bikin.

Da muka zauna da Kawu muka jera abin da za a kashe, abincin baƙi bai kai rabi ba. Sauran ina ya tafi? Hayar rumfa da kujeru na kwana uku. (Da Faransanci bash ake ce wa rumfar, kuma ba a banza sunan ya yi kama da bashi ba.) Mai kiɗa da manyan lasifikoki. Anko kala biyu. Robobi da kofuna masu hoton ango da amarya da za a raba, waɗanda kowane gida a unguwar nan yana da tulinsu a bayan ƙofa. Mai ɗaukar bidiyo. Waɗannan ba sa jin haushi in an soke su, ba sa daina gaishe ka a masallaci. Mutum kuwa yana ji.

Matsalar ba tamu kaɗai ba ce. Senegal ta yi doka tun 1967 don hana kashe kuɗi fiye da kima a bukukuwan iyali, amma har yau ana kukan abin a can. Mu a ganinmu ɗan sanda ba zai gyara wannan ba, sai gida ɗaya ya daure ya fara, a yi gulmarsa sati biyu, na biyu ya samu ƙarfin bi.

Ba mu iya tunkarar Baba kai tsaye ba, ta bakin Kawu muka bi. Ba duka aka karɓa ba. Mai kiɗa ya tafi, robobi sun tafi, rumfa ta koma ta kwana ɗaya. Anko kam Goggo ta ce sai dai bayan ranta, aka bar mata kala ɗaya. Alhazai suna nan yadda suke. An mayar da mai ruwa da maƙwabta, daga Djougou aka ce mutum huɗu su zo a madadin sauran, kuma har yanzu akwai wata inna a can da ba ta ɗaga wayar Inna.

Tsohuwa mai koko mu muka kai mata goronta da hannunmu. Ta karɓa ta yi dariya, ta ce: "Ɗan nan, ai ko ba ku kawo ba zan zo, wa zai wanke muku tukwane?" Ranar walima tun asuba tana bakin murhu, sai bayan la'asar ta samu zama ta ci nata.