Sa'adatu da Mu'azu ma masu amfani da manhaja ne

A farkon 2023, lokacin ƙarancin takardun naira, 'yan kasuwar Sabon Gari sun koyi darasi ba shiri: a cire kuɗin mai saye, mai sayarwa bai ga komai ba, ga layi a bayansu. Tsakanin na'urar POS, banki da NIBSS (cibiyar da ke haɗa bankuna wajen tura kuɗi) akwai ƙofofin da manhajoji ke aika wa juna buƙata su karɓi amsa, wato API. Ra'ayina shi ne, ɗalibin kwamfuta a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru bai gama aikinsa ba sai ya rubuta gwajin da zai riƙa ƙwanƙwasa waɗannan ƙofofi da kansa duk lokacin da aka taɓa manhajar. Danna maɓalli sau ɗaya a gaban malami ba gwaji ba ne. Misali, a aika lambar asusu mai alƙaluma 9 maimakon 10, a ga ko za a ƙi ta. A sa lambar waya da 0, sannan da +234. A rubuta Sa'adatu, Mu'azu da Ɗanladi, domin 'yar alamar (') da ke cikin sunaye biyun farko da ɗ mai lanƙwasa sukan rikita manhajar da aka gina da sakaci, wani lokacin ma 'yar alamar ta nuna wa ɓarawo hanyar rumbun bayanai. Wanda ya fi damuna shi ne a aika buƙatar biya ɗaya sau biyu, kamar yadda mai saye yake yi idan netwok ya tsaya, a duba ko sau biyu aka cire kuɗin. Manhajar gwajin API mai suna Postman tana yin irin waɗannan gwaje-gwaje, kuma tana da tsarin kyauta.